Gidan da Ba a Cewa "Nawa"

Ga wanda bai san ni ba, sunana Amsa, jikar Kolo. Gidanmu yana gabas da Makoɗa, inda gonaki suka manne da juna har ba a gane iyaka sai da layin gamba. Kakana ya zo daga Barno da jakuna da kanwa, ya ga ƙasar ta yi masa, ya zauna. Yau, a zamanin Sarki Abdullahi, abin da ya rage mana na Barno shi ne sunayenmu da turaren wutar da ke kama kayanmu.

Kafin Kolo ya rasu ya bar wa 'ya'yansa biyu, Baba Kallamu da Baba Mala, wasiyya guda: kada a raba. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Sauran gidajen ƙauyen nan ma suna gandu, amma da an yi azahar kowane saurayi yakan wuce gayaunarsa, 'yar gonar da duk abin da ta fitar nasa ne. Mu ba mu da gayauna. Baba Kallamu, wanda shi ne babba, ya ɗora tasa dokar a kan wasiyyar: kalmar "nawa" ba ta fita daga bakin ɗan gidan nan. Yaro in ya ce "ludayina", sai a karɓe a ba na kusa da shi, shi kuma ya kafa kai a ƙwarya. Ba ya sake faɗa.

Kada ku ɗauka kuka zan yi muku. Ina son gidanmu. Shekarar da fara ta cinye gero, maƙwabta suka sayar da awaki, wasu suka bar garin, mu ba wanda ya kwana da yunwa. Ban taɓa jin an ɗaga murya a kan rabon nama ba. 'Ya'ya kuwa duk na gida ne. Ni ce 'yar fari ga Baba Mala da Inna Falta, saboda haka ko sunana ba sa kamawa. Inna Maijidda, matar Baba Kallamu, ita ta ɗauke ni bayan yaye, na tashi a tabarma ɗaya da 'yarta Hamsatu. Baƙo yakan daɗe a gidan bai san wace ce ta haifi wa ba. Aibin da zan iya faɗa muku shi ne igiyar gugarmu kullum a tsinke take, don kowa yana jiran wani ya tufka sabuwa.

Tufafin mata duka suna cikin adudu a ɗakin Inna Maijidda. Ranar kasuwa ko suna ita ke buɗewa, ta dubi kowa, ta miƙa mata abin da ta ga ya dace. Ku riƙe wannan, don daga nan maganar ta taso.

Muntaka manomi ne daga wani ƙauye a bakin kogin Watari. Kanwar tumaki ya zo saya, ni na auna masa, ya tsaya yana kallon mudun kamar bai taɓa ganin awo ba. Bayan haka ya soma zuwa zance da la'asar, a gindin ɗorawar ƙofar gida, Hamsatu tana gefe tana kaɗi wai ita ce mai tsaro. Dogo ne, ba shi da yawan magana, sai in an taɓo audugarsa.

"A gandu ban taɓa ƙin aiki ba," in ji shi wata rana. "Amma a gayauna na san kowace shuka. In tsutsa ta taɓa ganye ɗaya, sai in ji kamar a jikina."

"Yo abin da kuka noma a gandu ba naka ba ne?"

"Namu ne. Ina ci, ina ƙoshi. Amma ba zan iya ɗaukar dami in ba ki ba sai na tambayi manya. In sun yarda kuwa, ai su suka ba ki, ba ni ba."

Hamsatu ta ce, "Kai dai ka kawo, ko wa ya bayar za mu karɓa."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba, don ban taɓa tunanin abin haka ba. A gidanmu ba a ba ka abu, miƙo maka ake yi.

Bayan kaka yayarsa Hure ta zo. Matar aure ce, tana tallar daddawa gida-gida, ita ce kuma ke kai mana saƙo tana kawowa. Ta ja ni bayan rumbu, ta ɗaga faifai, ta fito da zane. Saƙi ne mai duhun shuɗi da siraran fararen layuka, an buga shi har yana sheƙi, a gefe ɗaya kuma an ratsa jan zaren alharini mai faɗin yatsa.

"Audugar gayaunarsa ce," in ji ta. "Ni na kaɗa zaren. Nababa masaƙi ya ce bai taɓa ganin mai zuwa duba aiki irin ƙanena ba, har sai da ya kore shi. Ya ce in gaya miki naki ne."

Na riƙe zanen daga bayan rumbu zuwa ɗakin Inna Maijidda. Ta shafa shi, ta ce yaron ya san kaya, ta sa masa albarka, ta jefa shi a adudu ta rufe. Haka ake yi da toshin kowa a gidan. Ban ga laifinta ba.

Ranar kasuwar Makoɗa aka ce Hamsatu ce za ta kai turaren wuta, ni in tsaya daka. Inna Maijidda ta buɗe adudu, hannunta ya faɗa kan saƙin.

"Ungo, wannan zai karɓe ki."

Ya kuwa karɓe ta. Ta ɗaura shi, ta sa fatala fara da dutsen tsakiya a wuya, ta rambaɗa tozali, jan alharinin yana bin ƙafarta in ta yi taku. Na tsaya da taɓarya a hannu ina kallo har ta fita. Wani abu ya dame ni. In kun tambaye ni mene ne, a lokacin ban san sunansa ba.

Ba a daɗe ba Hure ta dawo, wannan karon ko daddawar ba ta sauke ba.

"Amsa, me ƙanena ya yi miki?"

"Ni? Ba komai."

"To don me kika tura shi ga 'yar'uwarki?"

"Na tura shi ina?"

"Ke, kada ki mai da ni yarinya. Baba Sama'ilu, ƙanin ubanmu, da innarmu sun ga zanen a kasuwa, a jikin Hamsatu. Ratsin nan ko makaho ya shafa zai gane shi. A wurinmu, in saurayi ya aiko da zane aka ga wata ta ɗaura, magana ta ƙare. Ko dai yarinyar ta ce ba ta so, ga wadda ta dace da shi, ko iyayen sun nuna wadda za su bayar."

"Yaya Hure, adudu ne. A gidanmu kowa yana ɗaura na kowa."

"Har toshi?"

"Har toshi."

Ta dube ni kamar na ce muna cin tuwo da ƙafa.

"To ni dai na gaya wa innarmu ba ita ba ce, ta ce idonta ta yarda da shi ba bakina ba. Hamsatun ta ma kwanta mata, wai ta iya gaisuwa. Baba Sama'ilu zai zo ran Juma'a neman aure, kuma wadda ta ɗaura zanen zai nema. Ni ba zan tsaya gaban ƙanin ubanmu in ce idonsa ya yi ƙarya ba."

"Shi Muntakan fa?"

"Ya daina cin abinci sosai, amma ya ƙi magana. Saƙo ɗaya ya ba ni. Ya ce shi don mutum ɗaya ya noma audugar nan. In nata ne, ta faɗa. In a gidansu ba a san mutum ɗaya ba, to shi bai san abin da zai ce ba."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Na sami Hamsatu a bakin rijiya tana ƙulla igiyar guga. Da na gaya mata, sai da ta zauna a ƙasa don dariya.

"Ni? Da wannan mai dogon wuyan? Mutumin da zai kwana yana ba ni labarin tsutsa?"

"Ba abin dariya ba ne."

"Na sani." Ta share hawaye, fuskarta ta canja. "Wallahi da na san haka ne da tsumma zan ɗaura in tafi. Amma Amsa, kin san in Baba ya ce ya bayar, ni ba zan iya buɗe baki ba. Ke ma kin sani."

Na sani. Baba Kallamu ba ya tilasta wa kowa, amma in ya faɗi magana gaban baƙi ba ya janye ta, kuma ba a taɓa samun wanda ya nemi ya janye ba.

Ran Alhamis da la'asar aka aike ni in share shigifar da ke bayan zaure. Baba Kallamu da Baba Mala suna ciki. Baba Mala ya yi karatu a birni yana saurayi, shi ke limanci a unguwarmu. Na ji yana cewa,

"Yaya, na ji kamar da sunan ɗayar aka aiko zanen."

"Ɗaya wace? Duk 'ya'yanmu ne. Tarbiyya ɗaya, tukunya ɗaya. Wadda suka gani suka yaba, ita za a ba su."

Baba Mala ba zai iya cewa komai a kaina ba, don za a ce ya ware tasa. Sai ya ɗauko ta nesa.

"Malaminmu a birni ya taɓa ba mu labarin wasu masu hikima na ƙasar Yunan, tun kafin zuwan Annabi Isa. Babbansu ya ce duk faɗan da ke cikin gari daga 'nawa' da 'naka' yake fitowa. Ya ce masu riƙe da gari su haɗa komai, gida da abinci har da 'ya'ya, kada wani ya san nasa."

"Ka ga mai hankali," in ji Baba Kallamu. "Ashe Baba bai faɗi ƙasa ba."

"Sai ɗalibinsa ya saɓa masa. Ya ce abin da mutane da yawa suka haɗa, shi ya fi rasa mai kula. Ya ce mutum yana jin wani daɗi in ya san abu nasa ne, kuma wanda bai mallaki komai ba ba shi da abin da zai yi kyauta da shi. Shi a ganinsa kowa ya riƙe nasa, amma ya bar 'yan'uwa su amfana."

"Shi ɗalibin nan ya taɓa zama a wurin rabon gado?"

"Ban sani ba, Yaya."

"To ni na zauna. Na ga 'yan'uwa ciki ɗaya sun auna gona da igiya, sun sare kukar da ke tsakiya don kada wani ya fi wani inuwa. Dubi gidan maƙwabcinmu Mati, yau ina suke? Ka bar ni da na farkon."

"Gaskiya ne, na ga wannan ni ma."

Daga nan suka koma maganar jakin da ke ɗingishi. Na gama shara na fito. A tsakar gida Inna Falta tana surfe. Ba ta dube ni ba, da turmin take magana.

"Ni dai bakina a ɗaure yake. Amma ban ga wanda ya ɗaure na wasu ba."

Ta ci gaba da aikinta.

Bari in gaya muku abin da ke gabana, don ku daina cewa me ya hana ta magana. Budurwa ba ta cewa tana son namiji gaban iyayenta, ko a gidan wa. A gidanmu kuma ga wannan kalma da ba a faɗa. Na duba ko akwai wata hanya da zan bi in kauce wa duka biyun, ban samu ba. Sai na ga ɗaya ta fi sauƙi. Ba sai na ambaci Muntaka ba. Zanen kawai zan ambata.

Ran Juma'a da hantsi Baba Sama'ilu ya iso da wani dattijo, da ƙwaryar goro a lulluɓe da ganye. Inna Maijidda ta buɗe adudu ta sake miƙa wa Hamsatu saƙin, ta ce in an kira ta gaisuwa ta fita da shi. Hamsatu ta ɗaura tana kallona. Ni aka ba ni wani tsohon zane mai ruwan toka, aka ɗora mini ƙwaryar fura in kai wa baƙi.

Na durƙusa a ƙofar zaure ta ciki, na tura ƙwaryar. An gama gaisuwa, an tambayi damina da iyali. Baba Sama'ilu gajere ne mai farin gemu, yana magana yana murza carbi.

"Malam Kallamu, mun zo neman iri ne a gidan albarka. Ɗanmu Muntaka ya aiko da ɗan abin da ya samu, mun kuwa ga amsarku a kasuwa. Wadda kuka ɗaura wa zanen, ita muke roƙo."

Baba Kallamu ya gyara zama. Na san wannan gyaran zaman, daga shi sai "mun ba ku".

"Baba," na ce.

Kaina yana ƙasa, ina kallon gefen tabarma.

"Zanen nawa ne."

Ban ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Baba Mala ya dubi rufin zaure. Baba Kallamu ya yi 'yar dariya ya juya wajen baƙi.

"Ku yi haƙuri, jikar fatake ce. Nawa ne? Kuɗin zanen kike tambaya, 'yar nan? Ai ba a tambayar kuɗin kyauta. Tashi ki shiga gida."

Ƙofa ya buɗe mini. In na tashi, ba wanda ya karya doka, ba wanda ya ji kunya. Na gane haka sarai, na kuma gode masa a raina.

"A'a, Baba. Ba tambaya nake yi ba."

Baba Sama'ilu ya daina murza carbi.

"Wace ce wannan?"

"Amsa ce," in ji Baba Kallamu.

"Amsa." Ya juya wajen dattijon da suka zo tare. "Ashe abin da Hure ke ta faɗa wa uwarsu ke nan. To ita waccan ta kasuwa fa?"

"'Yar'uwarta ce. A gidan nan tufafi na kowa ne."

"Ikon Allah. To Malam Kallamu, mu dai mai zanen aka aiko mu nema. Mun ɗauka mai zane ita ce wadda ta ɗaura."

Baba Kallamu ya sa aka kira Hamsatu. Ta zo ta durƙusa kusa da ni.

"Ke, kin ji abin da 'yar'uwarki ta ce. Kina da magana?"

"Baba, ni dai an miƙo mini ne na ɗaura. Ya ma yi mini tsawo."

Dattijon ya tuntsire da dariya, ya rufe baki da hannun riga. Baba Kallamu bai yi dariya ba, amma ban ga fushi a fuskarsa ba. Ya dube ni kamar yadda yake duban hadari, yana auna inda zai sauka.

"Amsa, tun da Baba ya rasu ba a faɗi wannan kalma a gabana ba. Ba zan ce kin yi ƙarya ba, da sunanki aka aiko. Zanen naki ne." Ya juya. "Malam Sama'ilu, mun ba Muntaka Amsa. Allah ya sa albarka."

Aka shafa fatiha. Ina shirin tashi ya ɗaga hannu.

"Ban gama ba, kuma gara ku ji da kunnenku. Abin da ke cikin rumbu da adudu na masu cewa 'namu' ne. Ita ta ware nata da bakinta. In na bar ta ta ɗauki nata ta kuma ɗauki namu, gobe kowane yaro a gidan nan zai zo mini da tasa. Saboda haka ranar da za a kai ta, da abin da yake nata za ta fita. Ba ƙwarya, ba tasa, ba gara."

Na saci kallon Baba Mala. Bai motsa ba.

Baba Sama'ilu ya shafa gemu.

"Amarya ba kayan ɗaki? Mu maza wannan ba ya hana mu barci. Amma uwar yaron ta riga ta share ɗaki, ta gaya wa maƙwabta 'yar gidan Kolo za a kawo mata. Zan kai mata maganar yadda kuka faɗa. Abin da za ta ce, ban ɗaukar muku alkawari ba."

Suka bar goron suka tafi.

A tsakar gida ba wadda ta yi mini faɗa, ba kuma wadda ta yi guɗa. Inna Falta ta ci gaba da tankaɗe, sai dai na ga ta zubar da gari a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba. Hamsatu ta shiga ɗaki ta kwance zanen, ta ninke shi da kyau, ta kawo mini da hannu biyu.

"Ungo, mai kaya. Saura ki koyi tsince tsutsa."

Na karɓa. Ƙamshin turarenmu ya riga ya kama shi. Raina a kwance yake, ban yi nadama ba, har yanzu kuma ban yi ba. Na nufi ɗakin Inna Maijidda kamar kullum, sai na tarar da ita zaune a kan adudu. Ta girgiza kai a hankali.

"Nan na gida ne, 'yata."

Na tsaya a tsakar gidan da aka haife ni, na duba ɗaki-ɗaki, na duba rataya da maratayi, ban ga wuri ɗaya da zan ajiye shi ba. Sai na warware shi na ɗaura a kan na jikina, na ɗauki taɓarya, don hatsin tuwon dare yana jira.